Mazaunin Kofi Daga Reshen Gwaiba

3 ga Maris

Zuwa ga Auta, ƙanin maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga fuskarka ba. Yaya jiki, yaya kunnen? Yaya maiɗakinka da jikoki? Ni gwiwar ce dai take tuna min shekaruna, amma da sauƙi.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya. Na so in kira ka a waya, to injin yankan katako ya riga ya cinye maka kunne, sai in yi ta ɗaga murya duk gidan bene su ji sirrina kai ba ka ji ba. Matar da ke share mana matakala ce za ta kai wa direban motar da ke zuwa wajenku. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa nake miƙa mata.

Yau wata bakwai da rasuwar yayanka, wata shida da ɗanka, wanda na haifa wa yayanka, ya ɗauko ni ya kawo ni nan. Ba abin da na rasa. Ko tsinke ba a bari in ɗaga. A hawa na biyar muke, matakala saba'in da huɗu, na ƙirga su ranar da aka hau da ni. Da safe shi ya tafi ofis, ita ta tafi asibitin da take aikin jinya, su kulle ƙofar ƙarfe ta waje saboda ɓarayi. Makulli biyu ne, ɗaya nasa ɗaya nata. Ni kuma sai taga.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wani teburi a falonsu, baƙi mai sheƙi, kana iya ganin fuskarka a ciki. Sati biyu da suka wuce na ɗora kofin shayi mai zafi a kai, kamar yadda na saba ɗorawa a bencin yayanka shekara talatin da shida bai taɓa cewa uffan ba. Da na ɗaga sai ga farin zobe. Na goge da tsumma, na goge da mai, na goge da bakin zanina, yana nan daram. Da matar ɗanka ta dawo ta tsaya ta dube shi, ta ce, “Ba komai, Mama.” Da ma faɗa ta yi min. Tun ranar a tire take kawo min shayi, har cikin ɗaki.

Ka tuna 'yan faifan katakon nan da yayanka yake yankawa daga reshe, ya goge su a riƙa ɗora kofi a kai? Mazaunin kofi yake ce musu. So nake in yi mata guda shida da hannuna. Ka saro min reshe mai kaurin damtse daga gwaibar tsakar gidanmu, wadda ya shuka shekarar da aka haifi ɗanka. Ka haɗo min da ƙaramin zartonsa mai jan mariƙi, da sanfefa. Ko ba komai in riƙa jin ƙamshin gwaibar, don ban ga alamar zan sake zama a inuwar bishiyar nan ba.

Ka gaida duk wanda ya tambaye ni.

Matar yayanka.

12 ga Maris

Matar Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Kunne yana nan, abin da na ga dama nake ji.

Ga reshe biyu a buhu, ga zarton Yaya na wasa miki shi, ga sanfefa mai kaushi da mai laushi. Shekara talatin da shida kina kawo masa abinci shago ba ki taɓa riƙe ko ƙusa ba, yau da furfura kin tashi zama kafinta. Ki ƙirga yatsunki kafin ki fara, ki sake ƙirgawa in kin gama, ki rubuto min abin da ya rage.

Na ji daɗi da kika ce ba abin da kika rasa. Hankalina ya kwanta. Allah ya yi wa yaron nan albarka shi da matarsa.

A tsaye nake rubutun nan a jikin mota, direba ya riga ya tayar. Sauran bayanin aikin sai wata takardar.

Auta.

24 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Yatsuna goma suna gaishe ka, ba wanda ya yi ƙaura.

Buhu ya iso. Mai shara ta hau da shi tana haki, da ƙyar rassan suka wuce ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ganye uku da suka maƙale a jikin ɗaya. Na murza su na kai hanci, sai kawai na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun da na zo. Mai shara tana daga waje ta ce, “Inna, itace fa aka aiko miki.” Na ce mata ai na sani.

Zarton ma ya ba ni aiki. A mariƙinsa akwai ɗan kwarmi inda babban yatsan yayanka ya cinye katakon. Nawa yatsan ya shige ciki har da sauran wuri.

A banɗaki nake aikin, don in wanke garin katakon kafin su dawo. Na ɗora reshen a kan 'yar kujera na danne da ƙafar da ba ta ciwo. Na farko ya fito a karkace, in ka ɗora kofi sai ya zame. Na biyu ma haka. Sai na tuna yadda yake cewa, “Ba a danna zarto, barinsa ake ya ci da kansa.” Daga nan suka fara miƙewa. Kwana uku na yi na fitar da takwas. Cikinsu launin shayi da madara, da ɗan duhu a tsakiya.

Da na taɓa na ji danshi, sai na jera su a bakin taga inda rana ke duka daga azahar, don su bushe da wuri. Ai ni abin da na sani, abin da ya jiƙe rana ake kai shi. A rana ta biyu ina zaune na ji ƙas, kamar an karya tsinke. Kafin yammacin rana ta uku duka takwas ɗin sun tsage daga tsakiya har baki. Na tattara su na ɓoye a ƙasan akwatina kamar wadda ta yi sata.

Me na yi ba daidai ba? Shekara talatin da shida ina kallon mutumin nan yana aiki, ashe shi nake kallo ba aikin ba.

Saura reshe ɗaya, ba zan taɓa shi ba sai na ji daga gare ka. In ma ya lalace da sauƙi, gwaibarmu ba ta rasa reshe ba, sai ka saro min wani. Ta fara fure kuwa? In ka shiga gidan ka ɗan zuba mata ruwa, ko bokiti ɗaya ne.

Matar yayanka.

19 ga Maris

Matar Yaya,

Bayan sallama, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu lafiya, sai tari da ya kama maiɗakina, shi ma ya fara sakinta.

Ga bayanin da na ce yana tafe. Itacen nan ɗanye ne. Kar ki kuskura ki kai shi rana ko gaban fanka, bayansa zai riga cikinsa bushewa ya tsage. Ki yanka kaurin yatsa. Ga ledar busasshen garin katako na haɗo miki, ki zuba a kwali ki binne su a ciki, ki tura ƙarƙashin gado inda ba haske. Duk bayan kwana uku ki juya su. Sati shida ko bakwai. Ba a yi wa itace gaggawa.

Sai magana ta biyu. Kin san tun Yaya na da rai maƙwabcinku mai kanti yake kukan saiwar gwaiba tana tsaga masa katanga, Yaya yana ce masa katangar ce ta zo ta samu bishiya. Da na ga kin rubuta ba ki ga alamar sake zama a inuwarta ba, kuma ba abin da kika rasa a can, sai na sa maiɗakina ta kira ɗanki ta karanta masa. Ya yi ajiyar zuciya ya ce da ma abin da yake jira ya ji ke nan, don ke ba kya faɗa masa komai. Ya ce a raba gardama da maƙwabci. Shekaranjiya muka kwantar da gwaibar. Ban bari kowa ya sa mata gatari ba, ni na yanka da hannuna.

Gidan kuma kin san gida ba mutane mutuwa yake yi, gara ta fara cin ƙofar kicin. Akwai wani malamin makaranta mutumin kirki, da matarsa da 'ya'ya mata biyu. Ɗanki ya ba shi magana zai shiga ranar ɗaya ga Yuni. Kayanki a wajena za su zauna, ba abin da zai taɓa su.

Ki ci gaba da hutawarki. Kin sha wahalar duniya, yanzu lokacin miƙe ƙafa ne.

Auta.

4 ga Afrilu

Auta,

Sallama. Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Allah ya ƙara wa maiɗakinka sauƙi.

Takardarka ta sha tara ga Maris sai jiya ta iso, an ce motar direba ce ta yi sati biyu a gareji. Ke nan ranar da nake rubuta maka ka zuba wa gwaiba ruwa, ta kwana bakwai a ƙasa.

Auta, kai da ka fi ni makaranta, haka ake karatu? Kuka na yi maka, ka ɗauka sallama ce. In uwa tana gidan ɗanta me kake so ta ce in ba ba abin da ta rasa ba? Ta ce ɗan da ya goya ta a bayansa ya hau da ita matakala saba'in da huɗu ya kulle ta? Bakina ba zai iya ba. Ban ɗora maka laifin kai kaɗai ba, nawa ya fi. Na rubuta rabin magana ina sa ran za ka ji sauran, na manta da kurma nake hira.

To yau ga ta cikakkiya. Gida nake so. Ina so in tashi in share tsakar gidana ko da ina jan kujera ne. Ina so a buga ƙofa in ce wane ne, in tashi in buɗe. Nan daga bakwai da rabi da makulli ya juya har ƙarfe shida ba abin da ke magana sai firij. Na san kowace mota a layin nan da lokacin fitarta da dawowarta, ban san mutum ko ɗaya ba. Ranar nan na kama kaina ina ba yayanka labarin wata mata da ke shanya a benen da ke kallonmu, har na yi shiru ina jiran ya amsa.

A gindin bishiyar nan ya sha shayinsa na ƙarshe kafin ya fita shago. Ya ce sukari ya yi kaɗan, na ce likita ne ya ce. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kullum in na rufe ido can nake komawa in ƙara masa cokali ɗaya. Yanzu ban san inda zan koma ba.

Abu biyu nake roƙonka. In akwai sauran itacenta ka ajiye min, ko guntu ne. Sannan ka je ka ba malamin nan haƙuri ya nemi wani wuri, amma kar ɗanka ya ji daga bakina ta fito.

Reshen da ya rage na yanka shi yau. Bakwai ya ba ni. Suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, cikin duhu, kamar yadda ka ce.

Matar yayanka.

14 ga Afrilu

Matar Yaya,

Sallama. Lafiya muke, tarin ya tafi.

Na karanta takardarki sau uku, na fita shago na zauna na kasa ɗaga guduma. Maiɗakina ta ce ita da ma jikinta ya ba ta lokacin da take karanta wa ɗanki. Na ce me ya hana ki faɗa, ta ce ta faɗa ban ji ba. Ki yafe min.

Itace babu. Mai gidan burodi ya kwashe tun washegari ya hura tanderu, unguwa ta riga ta cinye burodin. Kututture kawai ya rage, tsayin gwiwa, na hana a tone shi. Bakwai ɗin nan da ke ƙarƙashin gadonki su ne gwaibar Yaya gaba ɗaya.

Maganar malam kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, ba zan iya ba. Ba ni na ba shi magana ba, ɗanki ne, kuma mutumin ya riga ya yi sallama da inda yake zaune. In na hana shi ɗanki zai tambaye ni dalili, sai dai in faɗa ko in yi ƙarya da furfurata. Sau ɗaya na ɗauki maganarki na kai masa, kin ga abin da ya fito. Wannan karon ki kai da kanki. Ke kika haife shi, ba shi ya haife ki ba.

In kina son sanin sun bushe, ki ɗora ɗaya a kumatunki. In kin ji sanyi da saura. In kin ji shi kamar jikin mutum, ya yi. Sai sanfefa mai kaushi, sai mai laushi, sai ki shafa man kwakwa da tsumma sau uku, kwana ɗai-ɗai a tsakani.

Auta.

17 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya shago? Ka ji ni shiru, ba fushi ba ne. Na yafe maka tun kafin ka roƙa. Ba ni da labari ne, wanda yake jiran itace ya bushe me zai rubuta? Gwiwa tana nan, durƙuso gaban gado duk bayan kwana uku ya ɗan sassauta ta, abin da maganin likita bai yi ba.

Sati biyar ina ɗora su a kumatu ina jin sanyi. A na shida na ɗora ɗaya na ji ɗumi. Na daɗe ban sauke ba.

Ɗaya ya ɗan tsage kamar gashi, shida sun fito lafiya. Sanfefa ta cinye min fatar yatsu, amma da na shafa mai sai launi ya taso, ka ce zuma aka zuba. Na shirya ranar Asabar da suke gida zan ba ta, in ta karɓa sai in juya in yi wa ɗanka maganar. Har gwaji na yi da mai shara ta tsakanin ƙarafa. Ta ce, “Inna, wannan kewaye-kewayen ya yi yawa. Ki faɗa kamar kina ce masa ya je ya wanke hannu.”

Bayan mun ci abincin rana na fito da su a ƙunshe cikin hankicin yayanka. Matar ɗanka ta kwance ta ce, “Mama, a ina kika saya?”

Na ce, “Da wace ƙafar? Ni na yi.” Na nuna mata yatsuna. Na ce, “Saboda zoben da na yi miki a teburi ne.”

Sai ta fashe da kuka ta riƙe hannuna tana juya shi, tana cewa ita wallahi ba ta riƙe ni da komai ba. Ɗanka ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Ya ce, “Gwaibar Baba ce?” Na gyaɗa kai. Ya tashi ya je ya tsaya a taga ya juya mana baya. Auta, ƙeyarsa sak ta uban. Na ce a raina yaya zan ƙara wa mai kuka kaya.

Akwai wata dirowar gilashi a falon inda take ajiye farantan aurenta waɗanda ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Ta buɗe ta jera su shida a tsaye, ta gyara su, ta ja baya ta duba, ta sa makulli. Ta ce, “Kar wani ya ɗora musu abu su lalace.”

Yanzu kullum in sun fita ina zaune a falo ina kallonsu ta gilashi. Shayina yana nan a tire.

Ban faɗa ba, Auta. Kar ka yi min faɗa, na riga na yi wa kaina.

Matar yayanka.

23 ga Mayu

Matar Yaya,

Sallama. Muna lafiya. Ba zan yi miki faɗa ba, labari kawai zan ba ki.

Jiya malam ya zo da matarsa sun auna tagogi don labule. Matar ta shiga kicinki ta daɗe, ta fito ta ce duk wadda ta jera wurin nan ta san girki. Ranar talatin ga wata zan fara kwashe kaya. Gadon da Yaya ya yi miki a cikin ɗakin ya haɗa shi, ba zai fita ƙofa ba sai an kwance. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗin hannu ne. In na kwance ban yi miki alkawarin zai koma yadda yake ba.

Ki gaya wa surukarki katako ba faranti ba ne. In an kulle shi ba hannu ba mai, bushewa zai ci gaba da yi har ya tsage da kansa. Yaya cewa yake katako hannu yake ci.

Saura kwana bakwai in taɓa gadon.

Auta.

28 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da maiɗakinka da jikoki. Ni lafiya. Kar ka taɓa gadon nan. Na san maganar ta riga takardata isowa ta waya, amma ban yarda da kunnenka ba, shi ya sa na rubuta.

Takardarka ta same ni ranar Litinin. Talata da safe na riga su shiga kicin na dafa shayina da kaina. Suna shirin fita, shi jaka a kafaɗa makulli a hannu, ita tana sa takalmi. Na je na tsaya gaban dirowar gilashi da kofina yana tururi.

Na ce, “'Yata, buɗe min nan.”

Ta ce, “Mama, za su yi tabo fa.”

Na ce, “Su yi. Don haka na yi su.”

Ta ce, “Tsoro nake kar su lalace.”

Na ce, “Na sani. Irin tsoron da kuke ji min ke nan.”

Ɗanka ya ce, “Mama, me kike nufi?” Sai na tuna mai shara. Na ce, “Gida nake so.”

Ya ce, “Me muka rage ki da shi?”

Na ce, “Ba komai. Ko tsinke ba ku bar min ba.”

Ya zauna a hannun kujera jakar tana kafaɗarsa. Ya daɗe yana kallon makullin. Can ya ce, “Baba ya faɗi a shago ina nan ina zaune a taro, sai waya aka yi min. Ba zan iya sake ɗaukar irin wannan wayar ba.”

Auta, ban taɓa sanin abin da yake ɗauke da shi ke nan ba. Na ce masa, “In rana ta zo ko ina ɗakin can ne za ta same ni. Kana ofis, ina bayan ƙofar ƙarfe, ba ma wanda zai iya shigowa ya ɗaga ni, balle ya kira ka.” Ban so in faɗi wannan ba, na ga ta dake shi. Amma ta riga ta fita.

Sai matarsa ta ce, “Gaskiya Mama ta faɗa. Kullum in na juya makullin nan sai gabana ya faɗi, na kasa gaya maka.” Ashe tiren ma don gwiwata take kawo min shi har ɗaki, ba don teburi ba. Ka ga gida guda, mutum uku, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa har muka kusa shaƙe juna.

Bai je ofis ba sai azahar. Bai ce to da daɗin rai ba, har yau bai cika haɗa ido da ni ba. Abin da ya yanke shi ne malam ya shiga ɗakunan gaba biyu, nawa a bar min, kicin mu haɗa. Ya ce a haka akwai mutane a gidan. Wata uku ya ba ni na gwaji, in na faɗi ko sau ɗaya zai zo ya ɗauke ni. Na ce na ji. Ya kira malam, an ce matar malam ce ta fara cewa ta yarda.

Kafin matar ɗanka ta fita ta buɗe dirowar ta sauko da su shida kan teburi. Na ɗora kofina, shayin ya riga ya huce, sai da ta sake ɗumama min. Ta cire makullinta na ƙofar ƙarfe ta ajiye a kan mazaunin da ke kusa da kofina, ta ce za ta yanka wani a hanya. Ranar ni na buɗe wa mai shara ƙofa. Ta shigo tana dube-dube ta ce, “Ashe kina da ƙafafu, Inna, ni daga ƙirji zuwa sama na san ki.” Muka sha shayi, kowa da mazaunin kofinta.

Ban ce maka murna nake yi ba. Zan koma gidan da ba shi, ba inuwa. Amma zan share shi.

Ranar shida ga Yuni zai kawo ni. Shida ɗin na bar mata, na nuna mata yadda za ta riƙa shafa musu mai. Na bakwai mai tsagar nan shi zan taho da shi, da zarton.

Aiki ɗaya zan sa ka. Kututturen nan ka daidaita min samansa da babban zarto, don nawa ba zai ci shi ba. Ka rufe shi da buhu kar rana ta tsaga shi. Gogewa da shafa mai ka bar min, na iya yanzu. A kansa zan riƙa zama da safe in sha shayi.

Ka ajiye min sanfefa mai kaushi da yawa.

Matar yayanka.